Tarihin Binciken Ƙananan Kalmomi a Harshen Lendu

Malaman nahawun Larabci, tun daga zamanin Sibawaihi a ƙarni na 8, sun kasa magana kashi uku: suna, da fi'ili, da harafi. Suna da fi'ili kowanne an san shi da alamominsa. Harafi kuwa sai aka bar shi da abin da ya saura bayan an tsame biyun farko. Turawa ma haka suka yi da tasu kalmar, wadda Faransawa ke cewa particule, asalinta daga Latin, ma'anarta ɗan guntu. A cikin littattafan nahawu da dama da aka rubuta kan harsunan Afirka, wannan babi ya zama kwandon da ake zuba duk wata gajeruwar kalma da marubuci bai gane aikinta ba. Harshen Lendu yana daga cikin waɗanda wannan al'ada ta fi cuta, domin yawancin saiwoyin kalmominsa gaɓa ɗaya ne tak, har ta kai tsawon kalma ba ya nuna ko suna ce, ko fi'ili, ko harafi. An ɗauki kusan shekara 100 kafin a soma rarrabe su yadda ya kamata, kuma labarin yadda aka yi yana da amfani ga duk wanda aka ɗora wa nauyin tsara rubutun wani harshe.

Ana jin Lendu a arewa maso gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyya ta Kongo, cikin jihar Ituri, bisa tuddan da ke yamma da tabkin Albert, musamman a yankin Jugu, arewa da birnin Buniya. Akwai kuma masu jinsa a ƙetaren iyaka, cikin gundumomin Nebbi da Zombo na ƙasar Yuganda. A ƙarshen ƙarni na 20 an ƙiyasta yawan masu magana da shi a Kongo da kimanin 750,000, abin da ya sa shi cikin manyan harsunan dangin da masana ke kira Sudaniyya ta Tsakiya, dangin da ya haɗa da Lugbara da Madi da Mangbetu, da kuma Sara da Bagirmi na ƙasar Cadi. A kudancin Buniya, cikin yankin Irumu, akwai Ngiti, wanda masu shi ke kira Ndruna. An daɗe ana lissafa shi a matsayin karin Lendu na kudu, amma daga baya aka ɗauke shi harshe mai zaman kansa. Ba Lendawa kaɗai ke da harshen ba. Hemawan arewa, waɗanda ake kira Gegere, da shi suke tashi tun daga goyo, haka ma wasu daga cikin Alur da Okebu.

Sunayen ƙasar su kansu suna koyar da darasin farko. Masu harshen suna kiran kansu Bale, harshen kuma Baledha. A takardun mulki an san sassan Walendu-Pitsi da Walendu-Djatsi da Walendu-Tatsi, kare-karen harshen da ake ji a cikinsu kuwa su ne Pidha da Djadha da Tadha. Duk wanda ya jera su zai ga tsi tana bin sunan jama'a, dha tana bin sunan harshe. Ita kuwa wa da ke gaban Walendu, da ki da ke gaban Kilendu, aro ne daga Swahili, harshen da ke ɗora alamominsa a goshin kalma. Wato a cikin suna ɗaya, Walendu-Pitsi, an tara tsari biyu masu kishiyantar juna, na baƙo a gaba, na ɗan gida a baya. Baturen da ya shigo ƙasar da Swahili a bakinsa yakan nemi nahawu a farkon kalma, inda ya saba ganinsa, alhali a Lendu sau da yawa yana ƙarshe.

Daga jerin kalmomi zuwa fassara

Turawan farko da suka taka tuddan nan ba harshe ya kawo su ba. Henry Morton Stanley ya iso bakin tabkin Albert a watan Disamba na 1887 yana neman Emin Pasha. Franz Stuhlmann ya ratsa yankin tare da Emin a 1891, ya buga labarin tafiyarsa a 1894. A 1902 Harry Johnston ya sa jerin kalmomin Lendu cikin littafinsa kan Yuganda, tare da na wasu harsuna masu yawa. Hanyar tattara irin wannan jeri sananniya ce. Ana zaunar da mutum, a nuna masa kai da hannu da ruwa da wuta, a sa shi ya ƙirga, tafinta ɗaya ko biyu suna tsakani. Da haka ake samun sunaye da adadi da ƴan fi'ilai. Amma ba a nuna harafi da yatsa. Bahaushen da aka tambaya ya nuna "dai" ko "fa" a tsakar gida zai ga an yi masa ba'a. Bugu da ƙari, waɗannan jeruka ba su ɗauke da alamar karin sauti ko ɗaya, kuma kamar yadda za a gani nan gaba, rabin nahawun Lendu ke nan aka bari a ƙasa.

Ƙasar ta faɗa cikin mallakar Sarki Leopold na Biyu, sa'an nan ta koma hannun gwamnatin Beljik a 1908. An gano zinariya a Kilo a 1903, aka soma haƙa a 1905, kuma taron leburori daga ƙabilu dabam-dabam ya ƙarfafa Swahili, a karinsa da ake kira Kingwana, ya zama harshen aiki da kasuwa da bariki. Masu yaɗa addinin Kirista sun biyo baya. Ƙungiyar Africa Inland Mission ta Furotesta ta shigo Kongo ta wannan kusurwa a 1912, ta kafa cibiyoyi irin su Rethy da Blukwa. Limaman Katolika na ƙungiyar Pères Blancs suka zauna a wurare irin su Fataki da Drodro, aka kuma ware musu yankin Lac Albert a 1922.

Su ne farkon waɗanda suka rubuta Lendu jimla bayan jimla, domin aikinsu fassara ce. Mai fassara kuwa ba shi da hanyar kauce wa ƙananan kalmomi: ba ya rubuta layi biyu sai ya bukaci "idan" da "saboda" da "a cikin". Lalle wannan ci gaba ne babba, bai kamata a rage musu shi ba. Sai dai ma'aunin da ke hannunsu na Latin ne da Faransanci da Ingilishi. Wanda aka horar a kan waɗannan harsuna yakan zo da tambayoyinsa a shirye: ina harafin da ke gaban suna, ina lokacin da ya wuce, ina mai zuwa. Abin da ya amsa tambayar sai a ba shi suna. Abin da bai amsa ba sai ya tafi kwando.

A gefen baƙaƙe, rubutun Lendu ya zauna a kan ninka harafi, bb da dd, don sautukan da Hausa ta warware da ƙugiya tun shekarun 1930, wato ɓ da ɗ. Shi ya sa ake ganin sunan karin Bbadha da b biyu.

Abin da Tucker ya gani

Juyin farko ya zo ne daga Sudan. Bayan taron harsuna da aka yi a Rejaf a 1928, gwamnatin Sudan ta ɗauki Archibald Tucker, haifaffen Afirka ta Kudu, don ya yi aikin harsunan kudancin ƙasar. A 1940 ya fitar da juzu'in farko na littafinsa The Eastern Sudanic Languages, inda ya kwatanta harsunan Moru da Madi da ƴan'uwansu, ya sa Lendu a gefensu. Daga baya shi da Margaret Bryan suka buga manyan littattafai biyu kan harsunan arewa maso gabashin Afirka waɗanda ba na Bantu ba, ɗaya a 1956, ɗaya a 1966. Amfanin kwatanci shi ne abin da ya zama baƙo a harshe ɗaya, idan aka gan shi a harsuna biyar, sai a san ƙa'ida ce.

Ƙa'idar da ta bayyana ita ce, fi'ili a waɗannan harsuna ya kasu ne bisa yanayin aiki kafin lokaci, wato ko aikin kammalalle ne, ko yana cikin gudana. Kuma kowane yanayi da nasa jerin kalmomi a jimla. Idan aikin ya kammala, jerin kamar na Hausa ne: mai aiki, fi'ili, sa'an nan abin da aikin ya faɗa wa. Idan yana gudana, sai abin da aikin ya faɗa wa ya tsallako gaban fi'ili, fi'ili ya koma ƙarshe, wani ɗan mataimaki ya tsaya bayan mai aiki. Da za a zuba kalmomin Hausa cikin wannan tsari, da sai a ce "yaro ya ci ayaba" a yanayi na farko, a na biyu kuma a ce "yaro yana ayaba ci". Wannan ɗan mataimaki, wanda mai neman lokutan Faransanci zai iya ɗauka ƙari ne marar ma'ana, shi ne ginshiƙin jimlar. Shi ke gaya wa mai sauraro cewa sunan da ke biye ba sabon mai aiki ba ne.

Mai karatu na Nijar ba zai ga abin da baƙunta sosai ba, domin Zarma tana da makamancinsa. A cikin "ay na hari haŋ", wato "na sha ruwa", kalmar na tana tsaye tsakanin mai sha da abin sha, fi'ili yana ƙarshe. Bambancin shi ne a Zarma wannan jeri shi ne na yau da kullum ga yawancin fi'ilai, a Lendu kuwa yanayin aiki ne ke kawo shi. A 1963 Joseph Greenberg ya tara Sudaniyya ta Tsakiya da Sonrai-Zarma da Kanuri da Tubu cikin babban gida ɗaya da ya kira Nilo-Sahara. Robert Nicolaï, wanda ya yi aiki a Yamai, ya ƙi yarda da zaman Sonrai a wannan gida, kuma akwai masana da ke ɗaukar Sudaniyya ta Tsakiya dangi mai zaman kansa. Don haka kamannin jimla ba hujjar zumunta ba ce. Harsunan Mande ma suna da wannan jeri, ba wanda ya sa su cikin Nilo-Sahara saboda shi.

Daga ina jerin ya fito? Bayanin da ya fi gamsarwa ya fito ne daga masanan Jami'ar Kolon ta Jamus, Bernd Heine da abokan aikinsa, tun daga littafinsa na 1976 kan rabe-raben harsunan Afirka bisa jerin kalmomi. Hausa ita kanta tana nuna hanyar. A cikin "yana cin ayaba", kalmar "cin" suna ce, kuma an ɗaura ta da "ayaba" kamar yadda ake ɗaura "gidan sarki". A Hausa abin mallaka ke gaba, mai shi a baya. A Lendu akasin haka ne, mai abu ke gaba. To idan "cin ayaba" mallaka ce, a Lendu dole ayaba ta riga ci. Da wannan aka ɗaure abubuwa biyu da a dā ake koyarwa a babi biyu masu nisa da juna.

Ta wannan ƙofa kuma aka fahimci kalmomin wuri. Hausa ta samo "kan" daga kai, "cikin" daga ciki, "bayan" daga baya, "bakin" daga baki. Harsunan Sudaniyya ta Tsakiya sun bi hanya ɗaya, sai dai nasu suna bin suna a baya, saboda dalilin mallakar da aka ambata. A Lugbara dri kai ne, "a kan tebur" kuma meza dria. Haka Lendu da Ngiti ke gina da yawa daga cikin nasu a kan sunayen gaɓoɓin jiki. Mai jin Kanuri, wanda ya saba da ro da lan da be a ƙarshen suna, ya fi Bafaranshe saurin gane wannan. Ke nan kashi mai kauri na abin da aka zuba a kwando sunaye ne da suka tsufa a bakin aiki har suka ƙanƙance.

Gaɓar da ba ta da wasali

Abin da ya fi jawo wa Lendu suna a duniyar ilimin harshe shi ne gaɓoɓin da ba a jin wasali a cikinsu. Akwai kalmomin da, a kunnen baƙo, baƙaƙe ne zalla, sautin z ko r ya miƙe ya tsaya a gurbin wasali. Ana ganin alamar abin har a sunayen wurare kamar Dz'na, inda aka sa waƙafin sama a inda ake sa ran wasali. A 1977 Mirjana Trifkovic ta buga wata gajeruwar maƙala a mujallar Studies in African Linguistics, inda ta nuna wasali na iya raguwa har ya ɓace, karin sautinsa kuwa ya tsaya daram. A 1989 Constance Kutsch Lojenga ta koma kan batun a mujallar harsunan Afirka da ake bugawa daga Leiden, ta nuna cewa gurbin wasalin ba fanko ba ne: akwai wasali a tsarin harshen, baƙin da ke gabansa ne ya shanye shi, kuma Ngiti yana riƙe da wasula a kalmomin da suka yi daidai da waɗannan.

A shekarun nan ne kuma aka yi muhawara kan baƙaƙen haɗiyar iska, domin Lendu yana da jeri biyu inda Hausa ke da ɗaya. Gerrit Dimmendaal ya yi rubutu a kansu a 1986. Didier Goyvaerts, a 1988, ya ga jeri na biyu irin ɓ da ɗ na Hausa ne, masu shaƙaƙƙiyar murya; Didier Demolin, a 1995, ya ce ba su da ziza sam. Muhawara ce mai daɗi, amma dole a faɗa cewa tawadar da aka ƙarar a kan baƙaƙe uku ta fi wadda aka ƙarar a kan ginin jimlar Lendu duka.

Duk da haka binciken sauti ne ya buɗe ƙofar ƙananan kalmomi. Hausa tana da matakin murya biyu, sama da ƙasa, da kuma mai faɗuwa. Lendu da Ngiti suna da uku, sama da tsakiya da ƙasa, da kuma mai hawa. A harshen da kalma gaɓa ɗaya ce, baƙi da wasali iri ɗaya na iya zama kalmomi uku ko huɗu. Sakamakon wannan ga nahawu mai nauyi ne. Abin da tsohon rubutu ya nuna kamar harafi ɗaya mai ma'anoni da yawa yana iya zama haruffa dabam-dabam da alƙalami ya haɗe. Wani lokaci kuma babu harafin ma, murya kaɗai ke ɗauke da aikin. Lamiri ma, idan aka faɗe shi da wani kari, "ni" ne. Da wani karin kuma, "mu" ne. Haka "kai" da "ku" suka rabu da murya kaɗai. Kuma "mu" ɗin nan iri biyu ne, wanda ya haɗa da wanda ake yi wa magana, da wanda ya fitar da shi, bambancin da Hausa da Faransanci duk ba su yi.

A 1994 Kutsch Lojenga ta buga cikakken nahawun Ngiti a Kolon, aikin da ta sami digirin dakta da shi a Leiden. Littafin ya zama madubin da ake duba Lendu a ciki. Inda kalmar Ngiti ke farawa da wasali, takwararta ta Lendu sau da yawa ba ta da shi, kuma masu kwatanci sun fi karkata ga cewa Lendu ne ya zubar. A Ngiti wannan wasalin farko na fi'ili yana aiki: yana iya nuna aikin ya nufo inda mai magana yake, kamar yadda Hausa ta raba "fita" da "fito", ko ya nuna an maimaita aikin, ko masu yinsa da yawa ne. Harshen da ya zubar da irin wannan wasali ba ya zubar da bukatar ma'anar. Nauyin sai ya koma kan murya da kan ƴan kalmomin da ke kewaye da fi'ili.

Abin da ya shafi rubutu

Kongo ta sami ƴancin kai a 1960, aka sauya mata suna zuwa Zayir daga 1971 har 1997. Masanan harshe na ƙasar sun yi babban taro a Lubumbashi a 1974, amma hankalin hukuma yana kan harsunan ƙasa huɗu, Lingala da Swahili da Kikongo da Ciluba. Lendu ya ci gaba da zama a hannun majami'u da ƙungiyar SIL, wadda Kutsch Lojenga ta yi aiki da ita. A rubutun da aka tsara wa Lendu da Ngiti ana sa alamar kari a kowace gaɓa: karan da ya karkata dama ga murya ta sama, wanda ya karkata hagu ga ta ƙasa, ɗan ƙoƙo ga mai hawa, ta tsakiya kuma a bar ta ba alama. A wata maƙala ta 2014 ta bayyana dalilin. Akwai harsunan da karin kalma ke sauyawa da maƙwabtanta a jimla, akwai kuma waɗanda kari ke zaune a inda yake sai in nahawu ne ya sauya shi. Lendu yana cikin na biyun, don haka alamar da ɗalibi ya koya a kan kalma ita zai riƙa gani kullum, kuma duk sauyin da ya gani yana da ma'ana.

Masu tsara yaƙi da jahilci a Nijar sun taɓa tsayawa a gaban irin wannan tambaya. Taron Bamako na 1966 ya sa aka riƙa ninka wasali don nuna tsawonsa a Hausa, taron Yamai na 1980 ya sa aka bari, don a daidaita da rubutun Najeriya. Har yau "ya tafi" a takarda tana iya zama labarin abin da ya faru, ko umurnin abin da ake so ya faru, sai mai karatu ya duba gaba da baya. Hausa ta jure wannan rashi domin kalmominta dogaye ne, kuma jimla takan warware shubuhar. Kuskure ne a ɗauki wannan sauƙi a mayar da shi doka ga kowane harshe. Ma'aunin shi ne yawan nahawun da murya ke ɗauke da shi, kuma ba a sanin wannan sai an fara tantance ƙananan kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

Rabon kalma ma a nan ya rataya. Gardamar "yana" da "ya na" da aka sha a Hausa, ita ce gardamar da ke jiran duk mai rubuta kalmomin wuri na Lendu. In suna ne har yanzu, a raba shi da sunan da ke gabansa. In ya riga ya zama ɗafi, a manna shi. Amsar ba ta zama ɗaya ga dukansu, domin wasu sun fi wasu nisa a kan hanyar ƙanƙancewa.

Akwai kuma wani rukuni da fassara ba ta fitar da shi, wato irin kalmomin da ake kira gishirin Hausa, su "dai" da "fa" da "kam" da "kuwa", masu nuna yadda mai magana ya ɗauki abin da yake faɗi. Waɗannan a hira da gardama da tatsuniya suke zaune, kuma ba a kama su sai an naɗi magana mai tsawo daga bakin masu ita, an zauna da su an warware. Irin wannan aiki yana son zaman lafiya. Yaƙin Ituri na 1999 zuwa 2003 ya kashe dubban mutane, ya watsa ƙauyuka, rikici ya sake ɓarkewa a Jugu a watan Disamba na 2017, aka sa jihar ƙarƙashin mulkin soja a watan Mayu na 2021. A yankin Jugu, ɓangarorin biyu da suka yaƙi juna, Lendawa da Hemawan arewa, harshe ɗaya suke yi.